Taliban da duniya: Kabul baƙi suke sauka, amma a Kandahar ake yanke hukunci

Ba zan manta daren 15 ga watan Agustan 2021 ba. Muna zaune a majalisarmu bayan sallar isha'i kowa ya duƙufa kan wayarsa, ana ta miƙa wa juna bidiyon mayaƙan Taliban da rawunansu da bindigoginsu zaune a fadar shugaban ƙasa a Kabul, babban birnin Afganistan, shi kuma shugaban ƙasar Ashraf Ghani an ce tun da rana ya hau jirgi ya bar ƙasar. Wani abokinmu har da kabbara, yana cewa yau Allah ya nuna mana ranar da masu silifas suka kori Amurka. Wani ya ce ku dai ku jira, mutanen nan ba su canza ba. Aka yi ta musu har mai shayi ya fara haɗa kayansa. Ni kam a daren zuciyata rabe take, don duk wanda ya bi yaƙin nan na shekara 20 ya san ɓarnar da aka yi wa mutanen ƙauye da jirage marasa matuƙa da samamen tsakar dare, kuma ko a makon ficewarsu sai da jirgin Amurka ya kashe mutum 10 'yan gida ɗaya a Kabul, 7 daga cikinsu yara, daga baya suka ce kuskure ne. To ba za ka ga laifin wanda ya ji sanyi a ransa ba. Amma fa korar baƙo daban, riƙon gida daban, kuma yanzu an yi shekarun da za a iya duba yadda suke riƙon.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wanda in bai gane shi ba duk labarin zai yi ta rikita shi, shi ne gwamnatin nan kai biyu gare ta. Akwai Kabul inda ministoci suke, akwai Kandahar inda Amir yake. A Kabul za ka ga firaminista Mulla Hasan Akhund, da mataimakinsa Mulla Abdul Gani Baradar wanda shi ya sa hannu a yarjejeniyar Doha da Amurka ranar 29 ga Fabrairun 2020, da Sirajuddin Hakkani a ma'aikatar cikin gida, da Mulla Yaƙub, ɗan Mulla Umar wanda ya kafa ƙungiyar, a ma'aikatar tsaro, sai Amir Khan Muttaƙi ministan harkokin waje. Su ne suke karɓar baƙi, su ake ɗauka hoto, su suke hawa jirgi zuwa Moscow da Doha. Amma duk cikinsu ba wanda yake da kalmar ƙarshe. Kalmar ƙarshe tana hannun Shaikh Hibatullah Akhundzada, wanda ya hau shugabancin ƙungiyar a 2016 bayan jirgin Amurka ya kashe wanda ya gada, Mulla Akhtar Mansur. Mutumin nan ba kwamandan yaƙi ba ne, malami ne kuma alƙali, yana zaune a Kandahar, ba ya yarda a ɗauke shi hoto, da wuya ya taka Kabul, kuma baƙin waje ba sa ganinsa, in ka cire irin ganawar da aka ruwaito ya yi da firaministan Katar a watan Mayun 2023. Ɗansa na cikinsa ya mutu a harin ƙunar baƙin wake da shi ɗan ya kai a Helmand a 2017, kuma wannan yana cikin abun da ya sa mayaƙa suke ganin girmansa, suna ganin ba ya tura 'ya'yan wasu ya ɓoye nasa ba.

Babu kundin tsarin mulki, babu majalisa, hukumar zaɓe an rushe ta tun Disambar 2021, jam'iyyun siyasa an haramta su a 2023. Doka ita ce umarnin da Amir ya fitar, shi yake naɗa gwamnoni da alƙalai da kwamandojin 'yan sanda, kuma ya kafa majalisun malamai a larduna waɗanda suke kai masa rahoto kai tsaye ba sai sun bi ta kan minista ba. A fahimtarsu ɗa'a ga Amir wajibi ce ta addini, kuma abun da suka fi tsoro a duniya shi ne rabuwar kai, don sun taso ne a 1994 daga cikin tokar yaƙin basasar da shugabannin mujahidai suka yi wa juna bayan ficewar Tarayyar Sobiyet, lokacin da kowane mai bindiga yake ɗaure igiya a hanya yana karɓar kuɗi. Shi ya sa ko minista bai yarda da hukunci ba zai yi gunaguni ne ya haɗiye.

Ranar da kowa ya ga wannan ƙarara ita ce 23 ga Maris 2022. Ma'aikatar ilimi da bakinta ta sanar cewa ranar za a buɗe makarantun sakandare har da na 'yan mata, an gayyaci 'yan jarida, ƙasashen waje sun fara maganar biyan albashin malamai. Yara suka tashi da sassafe suka sa baƙaƙen rigunansu na makaranta da fararen ɗankwalaye, wasu har sun zauna a aji an buɗe littafi, sai ga umarni wai duk wadda ta wuce aji shida ta koma gida. Na ga bidiyon wasu a ƙofar makaranta rungume da jakunkuna suna kuka, malamarsu ita ma tana share hawaye da gefen mayafi ta rasa me za ta ce musu. Ba a Kabul aka soke abun ba, a wani zama da aka yi a Kandahar ne, kuma su kansu jami'an ma'aikatar a ranar ba su da amsar da za su ba 'yan jarida. Tun daga nan abun ya yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Dama tun Disambar 2021 an ce mace ba za ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 72 ba sai da muharrami, a Mayun 2022 aka ce a rufe fuska, a Nuwamba aka hana su wuraren shaƙatawa, ranar 20 ga Disamba aka rufe musu jami'a, bayan kwana huɗu aka hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, a 2023 aka rufe shagunan kwalliya inda dubban mata, da yawansu zawarawan yaƙi, suke samun na cefane. A Agustan 2024 aka fitar da dokar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna mai sashe 35, wadda ta shafi tsawon gemu, da kiɗa a mota, da hoton abu mai rai, har da cewa kada a ji muryar mace tana ɗagawa a bainar jama'a, kuma jami'an ma'aikatar, wato kamar Hisba amma mai ƙarfin gwamnatin ƙasa gaba ɗaya, suna da ikon tsare mutum har kwana uku. Ginin da ma'aikatar take ciki ma na tsohuwar ma'aikatar mata ne, allon kawai aka sauke aka ɗora wani.

Wanda ya fi ci min rai duk a ciki shi ne na Disambar 2024, da aka hana mata karatun nas da ungozoma. Lokacin da mai ɗakina za ta yi haihuwar fari abun ya zo da gardama, muka je asibiti cikin dare, kuma abun da ta fara tambaya duk da halin da take ciki shi ne ko akwai likita mace. Babu a daren, sai wata ungozoma guda ɗaya da take zagaya mata kusan goma, ina tsaye a baranda ina jin takun takalminta daga wannan gado zuwa wancan har asuba. Wallahi ban san me zai faru ba da babu matar nan. To ka ɗauki ƙasa mai mutum sama da miliyan 40, wadda dama tana cikin inda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa, ka ce a wurare da yawa namiji ba zai duba mace ba sai da muharrami, sannan ka rufe ƙofar da ake bi a zama likita mace ko ungozoma, don Allah nan da shekara goma wa zai karɓi haihuwa? Wannan ba tambayar Turawa ba ce, tambayar duk mai mata ce da mai ƙanwa.

Kuma kada wani ya ce ai shari'a ce. Su kansu Taliban ba su taɓa fitowa sun ce karatun mace haramun ne ba, kullum cewa suke na ɗan lokaci ne sai an gyara yanayi da manhaja, irin maganar da suka yi a mulkinsu na farko daga 1996 zuwa 2001 har suka faɗi ba a buɗe ba. Firamare har aji shida tana nan, makarantun addini na mata suna nan har ƙaruwa suke, amma kimiyya da likitanci da lauyanci an toshe. Babu wata ƙasar Musulmi a duniya da take yin haka. Shaihin Azhar Ahmad al-Tayyib ya fito ya ce hanin ya saɓa wa shari'a, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC wadda babban sakatarenta a lokacin Hissein Brahim Taha ɗan Chadi ne ta nemi a janye, Saudiyya da Turkiyya da Katar duk sun yi magana. Mu nan ma ba baƙin zancen ba ne, Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna koyar da 'ya'yan wasu, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana sa musu malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Abun da yake aiki a Kandahar cakuɗe ne na karatun Diyobandi, mai tushe a makarantar Diyoband ta Indiya, a mazhabar Hanafiyya da al'adar ƙauyukan ƙabilar Pashtun na kudu, inda fitar budurwa daga gida abun kunya ne tun kafin a haifi Taliban. Har a cikinsu akwai waɗanda abun bai kwanta musu ba. Sirajuddin Hakkani ya yi jawabi a Khost a Fabrairun 2023 yana sukar masu kankane mulki, kowa ya san da wa yake. Sher Abbas Stanikzai, mataimakin ministan harkokin waje a lokacin, ya fito a Janairun 2025 ya ce babu wani uzuri na rufe makarantun kuma zalunci ake yi wa mata miliyan 20, ba a jima ba ya bar ƙasar zuwa Daular Larabawa. Kaga inda mai magana yake ƙarewa.

Amma in za a yi adalci dole a faɗi ɗaya ɓangaren, don shi ne dalilin da ya sa mulkin bai girgiza ba. Yaƙi ya tsaya. Direban babbar mota da a da yake biyan cin hanci a shingaye barkatai tsakanin Kandahar da Kabul, ga tsoron nakiya a gefen titi, yanzu yana biya sau ɗaya a ba shi rasit ya wuce. Kuɗin kwastam da a gwamnatin baya suke zurarewa aljihun manya yanzu suna shiga baitulmali, har masu binciken Bankin Duniya sun yarda suna tara haraji da kyau, ko da yake kaso mai tsoka yana tafiya ne ga sojoji da 'yan sanda da leƙen asiri. Kotunansu suna yanke shari'ar gona cikin kwanaki, abun da a da sai mutum ya shekara yana zarya yana ba da na goro, kuma tun suna daji wannan ne ya jawo musu mutanen karkara. Suna haƙa babbar hanyar ruwa ta Kosh Tepa mai tsawon kilomita 285 daga kogin Amu Darya da kuɗinsu. Sai maganar ofiyom, furen da ake haɗa hodar heroin da shi: Amurka ta kashe biliyoyin daloli ta kasa hana nomansa, Amir ya fitar da umarni ɗaya a Afrilun 2022, zuwa 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce noman ya faɗi da kashi 95 cikin 100, daga hekta 233,000 zuwa 10,800. Wannan ya nuna maka umarnin Kandahar yana isa har gonar ƙarshe. Sai dai ƙaramin manomin da aka kakkarye masa shuka da sanda aka ce ya koma alkama ba a ba shi komai ba, alhali manyan da suka tara kaya a rumbu farashi ya tashi sun ƙara kuɗancewa.

Zaman lafiyar kuma irin na rufe baki ne. Sun yi shelar afuwa ga kowa, amma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ya lissafa aƙalla tsofaffin sojoji da jami'an gwamnati 218 da aka kashe ba shari'a cikin shekara biyun farko. Matan da suka fito zanga-zanga an kama su, 'yan jarida an lakaɗa musu duka, bulala a filin ƙwallo ta dawo, haddin kisa a bainar jama'a ya dawo tun Disambar 2022 a Farah. Gwamnatin kusan duk Pashtun ce kuma duk malamai ko mayaƙa, babu mace ko ɗaya, Tajik da Uzbek 'yan kaɗan, Hazara 'yan Shi'a kuwa suna gefe. A ƙarshen Satumbar 2025 sai da aka kashe intanet da layin waya na ƙasar gaba ɗaya na kwana biyu, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya, ba wanda ya fito ya yi wa jama'a cikakken bayani.

To yanzu mu zo kan duniya. Amurka da Turawa sun shigo da lissafin cewa kuɗi ne linzami. Kafin 2021 kusan kashi 75 cikin 100 na abun da gwamnatin Afganistan take kashewa tallafin waje ne, rana ɗaya aka rufe famfon, aka kuma riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar da suke ajiye a New York. A Fabrairun 2022 Biden ya raba kuɗin biyu, rabi aka bar shi saboda ƙarar da iyalan waɗanda harin 11 ga Satumba ya shafa suka shigar, rabi aka kai wani asusu a Suwizalan inda ya yi shekaru a ajiye. Wa abun ya daka? Ba Amir ba, mutumin da ba ya zuwa ko'ina balle a hana shi biza, ba shi da asusu a Landan balle a rufe. Malamin makaranta ne da ya yi watanni ba albashi, da wanda yake kwana a layin banki don a ba shi dala 200 a mako daga kuɗinsa na kansa, da iyalan da suka fito da katifu da tukwane da firji bakin titi a Kabul suna sayarwa don su ci abinci. Tattalin arziƙin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara biyu, sama da mutum miliyan 20 suka koma buƙatar agaji. Da aka ga yunwa za ta yi kisan da ba a taɓa gani ba sai aka buɗe ƙofar baya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa shigo da tsabar daloli a jirgi, kusan miliyan 40 a zuwa ɗaya, don ayyukan agaji, kuma wannan dalolin su suka taimaka kuɗin ƙasar ya tsaya da ƙafarsa, wato ana ƙin gwamnatin da baki ana tallafe ta ta ƙasa ba don ana so ba. Da Trump ya dawo a 2025 ya yanke tallafin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙananan asibitoci sama da 400 sun rufe. Amma a shekarar dai jami'an Amurka sun sauka Kabul sun karɓo Ba'amurken da ake tsare da shi, aka kuma janye tukuicin dala miliyan 10 da aka sa a kan Sirajuddin Hakkani, mutumin da a gidan da ake alaƙantawa da mutanensa jirgin Amurka ya kashe shugaban al-Ƙa'ida Ayman al-Zawahiri a Yulin 2022. Daga baya ma Trump cewa ya yi yana son a mayar masa da tsohon sansanin sojin Amurka na Bagram, Taliban suka ce ko taƙi ɗaya ba za su bayar ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a tsaka mai wuya. Kujerar Afganistan a New York har yanzu ba a ba Taliban ba. A Janairun 2023 Amina Mohammed, 'yar Najeriya 'yar asalin Gombe kuma mataimakiyar babban sakatare, ta je Kabul ta wuce har Kandahar, Musulma da lulluɓinta tana yi musu magana da abun da suka sani, amma Amir bai gan ta ba, kuma bayan wata uku aka hana matan Afganistan aiki da ita kanta Majalisar. A taron Doha na tsakiyar 2024 sai da aka yarda babu matan Afganistan a teburin kafin Taliban suka zo. Kotun duniya ta ICC ta fitar da sammacin kama Hibatullah da alƙalin alƙalai Abdul Hakim Hakkani a Yulin 2025 kan zaluntar mata, su kuma suka ce ba su san da wata kotu ba.

Maƙwabta kuwa tun farko ba su ɓata lokaci kan makarantar 'yan mata ba, kowa abun da ya dame shi ya kawo. Abun da ya haɗa su shi ne tsoron ISIS reshen Khurasan, kuma a nan mutanenmu suke yawan cakuɗa abubuwa, musamman da yake an taɓa kiran wasu da suka yi sansani a Kanamma ta Yobe a 2003 da sunan Taliban. Taliban ƙungiyar 'yan ƙasa ce, burinta Afganistan, ita kuwa ISIS ta Khurasan 'yar'uwar ISWAP ce ta tafkin Chadi, khalifancin duniya take da'awa, tana kafirta Taliban tana kashe su. Ita ta tayar da bam a filin jirgin Kabul a Agustan 2021 ta kashe sojojin Amurka 13 da 'yan ƙasa kusan 170, ita ta kai harin Kerman a Iran, ita ta kashe sama da mutum 140 a zauren Crocus kusa da Moscow a Maris 2024, ita ta kashe minista Khalil Hakkani a cikin ma'aikatarsa a Disambar shekarar. Shi ya sa Rasha, wadda a zamanin Tarayyar Sobiyet ta yi asarar sojoji kusan 15,000 a Afganistan daga 1979 zuwa 1989, ta cire Taliban daga jerin 'yan ta'adda, sannan ranar 3 ga Yulin 2025 ta zama ƙasa ta farko da ta amince da gwamnatinsu a hukumance. Caina ta karɓi jakadansu tun Janairun 2024 ba tare da ta furta kalmar amincewa ba, ita damuwarta mayaƙan Uighur, Musulman yammacin Caina, da kuma ma'adinai, tagullar Mes Aynak da man Amu Darya, duk da kwangilar man da aka sa wa hannu a 2023 ta watse a 2025. Uzbekistan tana sayar musu da wutar lantarki tana kuma kallon hanyar ruwan nan ta Kosh Tepa da za ta rage mata ruwan noman auduga. Da Iran sun yi musayar wuta a iyaka a 2023 kan ruwan kogin Helmand, amma kasuwanci bai tsaya ba. Jamus ma da take cikin masu ɗaga murya kan haƙƙin mata ta karɓi jami'an Taliban biyu a ofisoshin jakadanci don a samu hanyar mayar da 'yan Afganistan da aka yanke wa hukunci.

Wadda ta fi kowa cizon yatsa ita ce Pakistan. Ita ta ba su mafaka shekara 20, da suka ci firaministanta na lokacin Imran Khan cewa ya yi sun tsinke sarƙar bauta, shugaban leƙen asirinta aka ɗauke shi hoto yana shan shayi a otal a Kabul ana shirin kafa gwamnati. Lissafinta ta samu yaro a maƙwabta. Sai ga shi Taliban ɗin Pakistan, wato TTP, waɗanda suka yi mubaya'a ga Amir ɗaya kuma suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da na Afganistan, sun ƙara ƙarfi, harin masallacin 'yan sanda a Peshawar kaɗai a Janairun 2023 ya ci sama da mutum 80. Pakistan ta ce a miƙo su, Kabul ta ce matsalarku ce ta cikin gida, kuma dama babu gwamnatin Afganistan da ta taɓa yarda da iyakar Durand da Turawan Ingila suka shata a 1893 ta raba Pashtun biyu. Aka koma jefa bama-bamai ta sama, a Oktoban 2025 aka gwabza sosai a iyaka har sai da Katar da Turkiyya suka shiga tsakani, kuma sulhun bai kashe wutar ba. A daidai makon da ake wannan ministan harkokin waje Muttaƙi yana Indiya ana karɓarsa hannu bibbiyu, ya ziyarci makarantar Diyoband, Indiya ta ce za ta mayar da ofishinta na Kabul cikakken ofishin jakadanci, Indiyar da a da take kiran Taliban 'yan koren Pakistan. Haushin duk a kan talaka ya sauka, Pakistan tun ƙarshen 2023 take korar 'yan gudun hijira, Iran ma ta bi sahu musamman bayan yaƙinta da Isra'ila, a 2025 kaɗai sama da mutum miliyan 2 aka tura gida, wasu a can aka haife su ba su taɓa ganin Afganistan ba, 'yan matan da suke karatu a Peshawar ko Mashhad suna tsallaka iyaka karatun ya ƙare.

Ni abun da na gani a duk wannan shi ne Kandahar ta karanci duniya da kyau. Ta gane cewa ba wanda zai sake aiko da soja, ba wanda yake son gwamnatin ta faɗi a koma yaƙin basasa da kwararar 'yan gudun hijira, kuma kowace ƙasa tana da buƙata ɗaya da za a iya biya mata ba tare da an taɓa dokokin cikin gida ba, wannan a ba shi fursunansa, wancan a yi masa maganin ISIS, wancan a karɓi mutanen da ya koro. Waɗanda suke son a buɗe makarantun a cikin Taliban ba za su fasa ƙungiya a kan haka ba, waɗanda suke waje kuma ba za su fasa cinikinsu a kan haka ba. Inda nake ganin da sauran ƙofa shi ne malaman Musulunci da ƙasashen Musulmi, don matsin Bature ƙara musu taurin kai yake, Amir yana ɗaukarsa hujjar cewa yana kan daidai, amma maganar malami ɗan'uwansa da aya da hadisi ba zai iya cewa maƙarƙashiyar kafirai ba ce, kuma a nan gaskiya mun gaza, an yi taro a Islamabad a Janairun 2025 kan ilimin 'ya'ya mata an gayyace su ba su zo ba, aka karanta sanarwa aka watse. Malamanmu na nan da suke da mabiya miliyoyi, waɗanda 'ya'yansu mata suke jami'o'i a Madina da Sudan da Malesiya, kaɗan ne na ji sun buɗe baki a kai, kamar ana jin kunyar a soki wanda ya kori Amurka.

Da girgizar ƙasa ta afka wa Kunar a daren 31 ga Agustan 2025 ta kashe sama da mutum 2,200, Hukumar Lafiya ta Duniya sai da ta roƙi hukumomi su sassauta wa ma'aikatan lafiya mata su je wurin ba tare da sharaɗin muharrami ba, don mafi yawan masu duba marasa lafiya a yankin maza ne kuma matan da suka ji rauni suna jin nauyin su. A cikin makonnin ne kuma aka sa masu gadi a ƙofar ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suna mayar da ma'aikata mata 'yan ƙasar gida. Shekarar karatu a can a ƙarshen Maris take farawa, kuma duk shekara akwai sabon ajin 'yan matan da suke gama aji shida su ajiye jaka, a 2025 asusun UNICEF ya ce an ƙara kusan 400,000, jimilla ta kai miliyan 2.2. Waɗanda aka kora daga aji a safiyar nan ta Maris 2022 suna 'yan shekara 13 yanzu sun zama 'yan mata, da yawansu an riga an yi musu aure.